Buhu Nawa Take Ɗauka?

A ƙasashen da sana'ar gwajin mota ta zauna da gindinta, kamfani ne ke kiran marubuci ya damƙa masa makulli, tanki a cike, ga fili shimfiɗaɗɗe, ga agogon awo. Aikinsa ya taka totur ya ga daƙiƙa nawa motar za ta ci kafin ta kai gudun kilomita 100, ya koma gida ya yi ta fi'ili a kan laushin kujera. A Suwidin har wata jarrabawa suke yi wa mota ta kauce wa dabbar daji: a jera 'yan robobi a kan titi, direba ya taho a guje ya karkata hagu ya dawo dama a fizge. A 1997 wata sabuwar ƙaramar Mercedes, A-Class, ta wuntsila a hannun 'yan wata mujallar mota a wannan gwajin, sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita ya yi mata gyara. Mu a gabashin Birnin Gwari ba sai an jera mana roba ba. Akuyar Kuyello tana yin wannan aiki kyauta, kuma ba ta sanar da ranar jarrabawa.

Ni ba ma'aikacin kowace jarida ba ne, wanda ya saya shi nake rubuta wa. Motocin ma na aro ne, daga dillalan Kaduna da Zariya da Funtuwa, ko daga wani mai hali da ya yi sabuwar mota yana so duniya ta ji. Nakan kawo su gida ne saboda hanyarmu ba ta rufa wa mota asiri. Wadda take tafiya sumul a titin Ahmadu Bello a Kaduna, ka sauke ta daga kwalta da damina ka nufi ƙauyukan Kuyello ko na Dogon Dawa, kafin ka isa ta faɗa maka duk abin da ke damunta, har da wanda ba ka tambaya ba. Tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, da aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari motoci suka dawo hanyar Funtuwa, aikin ya ɗan yi sauƙi. Hanya kam an saba da ita. Mutanen da mota ke jawowa ne har yau na kasa sabawa da su.

Wanda ke fara isowa shi ne mai buhu. Ba ruwansa da fitila ko fenti, gaban motar ma bai kalla ba. Daga gona ya fito da fartanya a kafaɗa, ya zarce bayanta ya tsaya yana auna ta da ido. "Malam, buhu nawa take ɗauka?" Sai ka gyara murya ka shiga bayanin ƙarfin doki da yawan giya da yadda take riƙe kwana. Zai saurare ka cikin ladabi har ka kai aya, ya gyaɗa kai, ya ce, "To madalla. Buhu nawa ke nan?" Na gaya wa wani cewa takardar kamfani ta ce but ɗin yana cin lita 400 da ɗoriya, ya ce, "Lita? Manja za a ɗura mata?" A ƙasar da masara ce kuɗi ba ka ga laifinsa ba. Shi ya san Golf ɗin da Jamusawa suka ƙera don mutum biyar da 'yan jakunkunansu, ya ga an zuba mata biyu a kujerar gaba ban da direba, huɗu a baya, buhunan masara a but an ja igiya an ɗaure, yaro a kan buhunan riƙe da kaza, ta je Funtuwa ta dawo. Duk motar da ba za ta iya wannan ba kayan ado ce a wurinsa.

A bayansa akwai mai ƙwanƙwasa, wanda zai bi jikin motar da bayan yatsa, ƙwas, ƙwas, ya hauri taya, ya yanke hukunci, "Gwangwani ce," ya hau kekensa ya tafi. Akwai kuma ɗan'uwan mai Kwatano. Ko nawa ka faɗa masa kuɗin mota, yana da wani ɗan'uwa da ya sayo irinta sak a Kwatano rabin wannan kuɗin, kuma ta fi wannan sabunta. In ka tuna masa cewa a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar tudu, sai ya yi maka irin kallon da ake yi wa marayan da bai san gari ba.

Duk waɗannan 'yan share fage ne. Uban tafiyar yana zaune a kan benci a inuwar tasha, kuma ba ya gaggawa. Sai kowa ya gama surutunsa sannan ya kakkaɓe riga, ya ɗauki sandarsa, jama'a su dare masa. Tsohon direba ne, ya yi yaron mota tun ana bin hannun hagu, kafin sauyin 1972, kuma a ganinsa daga wannan sauyin ne al'amura suka fara taɓarɓarewa.

"Yaro, buɗe mata baki."

Ka ɗaga bonet. Ya leƙa, ya daɗe yana kallon baƙar robar da aka lulluɓe injin da ita.

"Ina injin?"

"Yana ƙarƙashin robar nan, Baba."

"Me ya yi aka ɓoye shi?"

Ya nemi kafireto bai gani ba. Ka ce masa motocin yanzu ba su da shi, kwamfuta ce ke auna mai da iska ta fesa wa injin daidai bukatarsa. Nan zai juya ga jama'a, don dama ba da kai yake magana ba, kai hujja ce kawai. "Kun ji ko? Kwamfuta. To ranar da ta tsaya maka a gefen dajin Kamuku, sai ka aika a kira maka mai buga takardun makaranta."

Daga nan an shiga Fijo, kuma wanda ya shiga Fijo da Baba ya yi sallama da abincin rana. 504 dai, doguwar nan mai layi uku. Sifana biyu da filaya da guntun waya, in ji shi, sun ishe ka ka kwance ta ka mayar. Tanki ya huje, ka murza sabulu ka liƙe. Lagireto na yoyo, ka fasa ƙwai ka zuba, in babu ƙwai garin barkono. Bel ɗin fanka ya tsinke, ka yagi gefen rawani ka murɗa, ya kai ka gari na gaba. Tafiyarsa ta Ikko kuwa, ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da gadar Jebba, kowace shekara raguwa take. Da yakan ce ya yi asuba a Kaduna ya yi magariba a Ikko. Bara la'asar ce. Bana na ji ya ce azahar, fasinjojin kuma sun ƙaru da biyu. In Allah ya ja da ransa, zai riga kansa isa.

Abin haushin, ba ka isa ka ƙaryata shi gaba ɗaya ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, nan Kaduna, kuma zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta asibiti. Faransawa sun daina yin salun ɗinta a gida tun 1983, Kaduna ba ta sake ta ba sai tsakiyar shekarun 2000. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta, sifirin ɗinta yana da dogon lilo da ke shanye rami kafin ya iso ƙugun fasinja. Wani mai neman tada zaune tsaye ya shaida wa Baba cewa 504 ce ta ci tseren Safari a Kenya a 1975. Tun daga ranar kofin ya zama nasa, yanzu har labarin ƙurar da suka sha yakan bayar.

Ba ya neman izinin shiga, kujerar gaba gadonsa ce. Bel kuwa, "Ni ba ragon layya ba ne da za a ɗaure ni." Ka kunna esi, ya sauke gilashi ya fito da gwiwar hannu, don direban ƙwarai sai ya ji iskar hanya. In motar otomatik ce, ƙafarsa ta hagu tana ta lalube a inda babu kuloci, bakinsa kuma yana canza maka giyar da babu ita: "Ba ta uku. Ba ta uku mana! Haba, ka bar ta tana kuka." Ka sa ribas, hoton baya ya fito a ɗan allon gaba, ya dube ka cike da damuwa: "Wuyan naka ne ke ciwo?" Na yi masa albishir cewa tun 2022 ana haɗa Peugeot 301 a sabuwar masana'antar da Dangote ya sa hannu a ciki a Kaduna. Tambaya ɗaya ya yi: "Da ƙafar baya take turawa ko da ta gaba take ja?" Na ce ta gaba. Ya ce, "Allah ya ba su sa'a. Amma su nemo mata wani suna."

Sai kuma kuna cikin tafiya ya ɗaga hannu, surutu ya yanke. Ya karkata kai, ya lumshe ido. "Rage. Ƙara. Ɗan kwanta hagu. Yawwa. Ƙafar baya ta dama, boris ɗinta ya kusa." Kai ba ka ji komai ba sai rediyo. A ɗaga motar a jak a juya ƙafar, ka ji tana gurnani. Irin wannan yakan fito a rubutuna a matsayin abin da gogaggen kunne ya gano a kan hanya. Kunnen wa, ba a tambaye ni ba.

Ita kuwa gwanar, Fijon tasa, tana nan bayan gidansa a kan duwatsu huɗu, kaji suna ƙyanƙyasa a layin tsakiya. Fulogi kawai take jira, in ji shi.

Masu neman a rage musu hanya ba sai na daɗe a kansu ba, kowa ya sha su. Mutum ɗaya ne tak a bakin hanya, hannu sake: "Don Allah, Malam, nan gaba kaɗan zan sauka." Ka taka birki, sai bishiyar da ke bayansa ta haihu, mata biyu, yara, tabarma, buhun dawa, da tunkiya mai tari. Nan gaba kaɗan ɗin kuwa yana iya zama Damari, yana iya zama Funtuwa. Ba na ƙorafi sosai, da su nake gane ko shokozoba na da sauran rai.

Gwaggo ce ba ta roƙo. Ta hango mota mai ƙyalli a ƙofar gida, ta yafa mayafi ta fito. "Ɗan nan, Allah ne ya kawo ka. Yau ake kai 'yar ƙanwata." Ka fara bayanin cewa motar ba taka ba ce, ta aiki ce, an ƙayyade maka tafiyar da za ka yi da ita. Ta bar ka ka gama, sannan ta tuna maka cewa ita ta yi wa uwarka wankan jego, kuma ran sunanka ita ta kwana a gindin murhu. Magana ta ƙare. Kujerar da kamfani ya ce ta mutum uku ce ta ɗauki amarya da ƙawaye biyar da kwalla. Wanda bai taɓa jin guɗa a cikin mota gilashi a rufe ba, bai san abin da ake nufi da gwajin shiru na cikin mota ba. Kwana biyu bayan nan ka mayar wa dillali kayansa a Kaduna, ya buɗe ƙofa, humra da turaren wuta su yi masa maraba, ga sawun lalle a bayan kujera, ga ɓarɓashin cincin a ko'ina. Ya dube ka ya ce, "Malam, Allah ya sanya alheri. Ba gayyata?"

Akwai kuma mai motar da ya ba ka aro ya biyo ka. Ledar kamfani tana nan a jikin kujeru ba a cire ba, ku yi ta zamewa a kai kuna gumi. Kai ke tuƙi, shi ke taka birki a daɓen motar, har ya kusa huda kafet. Ya ce ka gwada ta da kyau, amma kada ka wuce 60, kada ka shiga rami, kada ka bi ruwa, kada ka tayar da ƙura. Idonsa ɗaya na kan hanya, ɗaya na kan gejin mai. Wannan ciwon ya tsananta ne tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. "Kashe esi ɗin nan, Malam, iskar Allah ta fi lafiya." A gangara ya ce ka zare giya, in da hali ma ka kashe injin. Ka yi masa bayani cewa in injin ya mutu sitiyari zai yi tauri, birki ma sai an danna da ƙarfin tsiya, ya ce shekara nawa yana yi. In kun dawo sai ya ja ka gefe ya rage murya: "Ka rubuta cewa ta fi ta Alhaji wane tsada. Amma kada ka sa sunana, 'yan'uwa na karanta jarida."

Samarin hoto su ne mafi sauƙin sha'ani. Su jingina da bonet, su ari makulli su kaɗa a yatsa, a ɗauka. Da daddare ka gan ta a Facebook, "Alhamdulillahi, sabuwar tafiya," ana ta yi musu Allah ya tsare. Na ga mota guda ta zama mallakar mutum uku a dare ɗaya, dillalin bai ga ko sisi ba.

Bakanike kuwa abokin tafiya ne, ba na son in yi masa butulci, amma gaskiya ɗaya ce. Maƙiyinsa na farko a duniya shi ne tamostat, ɗan ƙaramin ƙarfen nan da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama zuwa wajen digiri 90, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Ko canjin taya ka je yi, sai ya leƙa ya gani ko yana nan. "Oga, wannan na ƙasar ƙanƙara ne, Bature bai san zafinmu ba." Ya ciro shi ya jefa bayan shago, ya haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tayarwa. Da sanyin hunturu injin ya kasa kai zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai, kwamfuta ta ɗauka har yanzu ana ɗumamawa, ta yi ta ƙara mai. Mai mota ya dawo yana kukan shan mai, wurin wa? Wurinsa. Ya ce fulogi ne. Aka sauya. Ya ce famfon mai ne. Aka sauya. Ya numfasa ya ce sai dai a sauke injin. In an mayar kuma notuna huɗu su rage a cikin kwano, ya kaɗa su ya ce Bature ne ya cika ɓarna. Amma shi ɗin ne dai, ranar da ka maƙale a laka bayan isha'i ana ruwa, zai zo a kan babur da tocila a baki, ya kwanta a ƙasa ya tayar maka, ka tambayi kuɗinsa ya ce, "Oga, mu isa gida tukuna." Maƙwabcinsa mai faci shi ma gejinsa babban yatsa ne. Takardar da ke jikin ƙofa ta ce iska 32, shi sai ya ji taya ta yi ƙarar ganga.

Mu ma marubutan muna da namu. Akwai wanda bai taɓa ganin motar ba, intanet ya buɗe ya kwaso, sai ka ga a watan Afrilu, ana zafin da kare ke neman randa, yana yaba wa mota saboda kujerarta tana ɗumama baya kuma tana riƙe hanya a kan ƙanƙara. Akwai wanda tsawon yabonsa daidai yake da man da ya tarar a tanki: in a cike ne shafi guda, in rabi ne "tana da abubuwan da ya kamata a duba." Na kuma san wani da yakan shigo Kuyello a cikin jif yana ɗaga wa mutane hannu a hankali, ya yi wa mai buhu lacca a kan ƙarfin doki, ya mayar da mota Kaduna, ya dawo a layin baya na Golf da akuyar wani a kan cinya. Ko keke bai mallaka ba. Ba zan faɗi sunansa ba, hularmu ɗaya.

Duk waɗannan in na kwana biyu ban gan su ba har kewarsu nake yi. Saura ɗaya.

Dillalan mota na kirki suna nan, masu cin la'adarsu halal, waɗanda za su ce maka, "Giyarta tana da 'yar matsala, shi ya sa aka sauko da kuɗin." Ba da su nake ba. Da wancan nake, mai yi wa gawa kwalliya. Farar shadda, turare, carbi, makullai fal hannu, "ranka ya daɗe" tun daga nesa. Duk motar da ke hannunsa mace ce ta hau ta. In ta gida ce, wata Hajiya ce, daga gida sai Islamiyya. In daga waje ta zo, wata tsohuwar Baturiya ce mai zuwa coci ran Lahadi. Shan mai fa? "Ƙamshinsa kawai take shaƙa." Ya yi wallahi, ya yi tallahi, ko fulogi ba a taɓa kwancewa ba.

Dabarun nasa sanannu ne. An mayar da mitar tafiya baya, ko kuwa motar 'yar Amurka ce mai ƙirga mil, ya karanta maka lambar a matsayin kilomita, alhali kowane mil kilomita 1.6 ne. An ɗura baƙin mai mai kauri don ya danne hayaƙi da ƙara na 'yan kwanaki. An ciro abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi an sayar, saboda ma'adinai masu tsada da ke jikinsa. Fitilar gargaɗin inji ba ta kamawa, don an cire ƙwanta, shi ya sa wanda ya sani yakan murɗa makulli bai tayar ba, ya ga ko duk fitilun dashbod sun kawo. Motar da ta kwana a ruwa ma ana samu. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, irinsu kuwa gwanjonsu ake yi, wasu su biyo jirgin ruwa. Ɗaga kafet ka ga busasshiyar laka da tsatsa a ƙafar kujera, ko ka buga lambar shasi, mai harafi da lamba 17, a intanet, wani lokaci har hotonta a filin gwanjo za ka gani. Wannan duk cin kuɗi ne, kuma kasuwa ta gaji haka.

Wadda ta tsaya mini a rai wata doguwa ce mai layi uku, irin da ake sa wa haya. An wanke injin yana ƙyalli, tayoyi sun sha baƙin shafi. Na fita da ita, birkin farko ta fizgi gefe guda, na biyu ma haka. Na tsaya na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi. Bututun da ke kai man birki ƙafar baya ta hagu an yanke shi, an lanƙwasa bakin an daddatse, sawun haƙoran filaya yana nan sabo a jikin ƙarfen. Yoyo yake yi, maimakon a sayi wani aka kashe ƙafar. Na fito na duƙa a kan taya. Kowace taya tana ɗauke da lokacin da aka yi ta a gefenta, lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Hukumar kiyaye haɗurra takan ce shekara 4 ne wa'adinta, manyan masu ƙera ta kuma sun ce ko safaya ce da ba ta taɓa taka ƙasa ba kada ta wuce 10. Waɗannan sun wuce goman. An bi zanensu da zazzafan ƙarfe an zurfafa, har zaren ciki yana leƙowa.

Na koma na nuna masa. Ko sunkuyawa bai yi ba. "Ranka ya daɗe, ai ƙafa uku na kamawa. Kuma wanda kwanansa ya ƙare, ko sabuwa dal ya hau." Ya zaro 'yan kuɗi ya nannaɗe, wai na goro, in rubuta cewa lafiyarta ƙalau, a saya a hau.

Wanda zai sayi motar nan na san shi, ko ban san sunansa ba. Saurayi ne da ya sayar da masarar shekara guda, ya haɗa da san gado da bashin kawunsa, don ya fara haya tsakanin Kuyello da Funtuwa. Waɗanda za su hau ta ma na san su, 'yan kasuwa ne da ɗalibai da macen da naƙuda ta gagara a gida ana neman asibiti da tsakar dare. Mutanen da suka yi shekaru suna bin wannan hanya cikin ɗar-ɗar, waɗanda suka san abin da ake nufi da mota ta tsaya a tsakiyar daji, Allah ya tsirar da su daga 'yan bindiga, sai a bar bututun da bai kai kuɗin turaren rigar dillali ba ya ƙarasa su? Rantsuwar ce ta fi ƙona mini rai. Bakanike in ya cire tamostat, ya yarda cewa alheri yake yi maka. Baba in ya isa Ikko da azahar, ba wanda ya mutu. Shi wannan ya san abin da ke ƙarƙashin motar, shi ya biya yaron da ya riƙe filayar, sannan ya ɗora sunan Allah a kai ya miƙa wa ɗan mutane makulli.

Na ajiye masa makullinsa da goronsa a kan bonet. Da na sake bi ta wurin na tarar gurbinta wayam. "Ta tafi, ranka ya daɗe, rabon wani yaro ne daga can wajenku." Na tambaya ko an sauya bututun, ya ce ai yaron bai yi ƙorafi ba. Na nemi kwatancensa don in yi cigiyarsa a tasha, ya ba ni yana murmushi, sannan ya kama hannuna ya ja ni wajen wata fara da aka gama wankewa.

"Zo ka ga wannan. Wata Hajiya ce ke hawa."